Gargaɗi ga matan Yamai kan dillalin dashen ciki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani mutum da ke shiga zaurukan mata na WhatsApp nan Yamai, yana cewa shi wakilin wani asibitin dashen ciki ne na ƙasar waje (inda ake haɗa ƙwan mace da maniyyin namiji a waje, sannan a dasa a mahaifa), wai cikin mata 100 da ya kai, 90 sun samu. Ƙanwata ta faɗa hannunsa.

Shekara takwas da aure ba haihuwa, ga gorin dangin miji. Ta sayar da sarƙar zinarenta ta ba shi. Ya kai ta wani gida aka yi mata allura, wai ta share fage kafin tafiya, bayan kwana uku ya ce a gwada fitsari. Layi biyu suka fito. Da idona na gan ta riƙe da ɗan tsinken gwajin, tana kuka tana hamdala. Ya ce Allah ya hutar da ita tafiya, ta cika sauran kuɗin. Da muka je eko, mahaifa babu komai.

Ungozomar da ta duba ta ce wataƙila hCG aka yi mata. Shi ne sinadarin da gwajin ciki ke nema, kuma allurarsa takan kai kusan mako biyu a jiki tana nuna ciki alhali babu.

Zancen kashi 90 ɗin shi ya fi ci mini rai, domin da shi yake farautar mata. A 1978 aka haifi jaririyar farko ta wannan hanya a Ingila, amma HFEA, hukumar da ke kula da asibitocin dashen ciki a can, ba ta taɓa kawo irin wannan lissafi ba. A lissafinta, matan da ba su kai shekara 35 ba, kusan kashi ɗaya cikin uku na dashe ne ke kaiwa ga haihuwa, kuma yana raguwa sosai bayan 40. A Amurka, tun 1992 doka ta ce asibitoci su riƙa miƙa sakamakonsu ga hukuma. Duk wanda ya ce miki "sun samu", ki tambaye shi: gwajin fitsari ne ko jariri a goye? Matan shekarunsu nawa? Dashe nawa aka yi wa kowacce?

Ko sau ɗaya mutumin bai ce a gwada mijin ƙanwata ba, alhali matsalar kan fito daga namiji ma.

Lambarsa a kashe take yanzu. Mun kai saƙonninsa wurin 'yan sanda. Wadda ta taɓa tura masa kuɗi, don Allah kada ta goge komai, ta kai nata ita ma.