Soyayyen kifin daren Juma'a a wajen Ƙofar Ƙaura

Jama'a duk mai son kifi a Katsina ya leƙa wajen Ƙofar Ƙaura ran Juma'a bayan isha'i, akwai wata rumfa da ake soya tarwaɗa da karfasa, wallahi tun daga bakin titi ƙamshi zai ja ka. Benci ne kawai da tabarma, sai firiza cike da zoɓo da kunun aya mai sanyi.

Kai za ka nuna wanda kake so a cikin baho, dattijon da ke soyawa ya wanke shi da lemon tsami, ya tsattsaga bayan ya cusa citta da tafarnuwa da attaruhu cikin tsagar, sannan ya sake shi cikin man gyaɗa mai zafi, fatar ta yi ƙarau cikin kuma laushi kamar auduga, ga yajin ƙuli da albasa da kabeji a gefe. Na ce Baba wannan karfasar daga ina, ya ce ɗana ta dam ɗin Zobe ce, can Dutsin-ma, tarwaɗar kuma ta kiwo ce. Ni dai karfasar ta fi min, duk da ƙaya, sai ka bi a hankali in da yaro tare da kai.

Matsalar kawai jira, Juma'a mutane sun yi yawa kasko kuma ɗaya ne, ga sauro. Kuɗin ma ba laifi in an duba tsadar mai yanzu, kuma suna karɓar tiransifa. Ku je da wuri don karfasa ita ke fara ƙarewa.