Hattara da mai sayar da kartushin jabu ga masu tsofaffin bindigogi a yankin Maraɗi

Assalamu alaikum maharba, da duk wanda ya gaji bindiga mai baki biyu a gidansu. Akwai wani mutum da ke zagaya ƙauyukan kudancin Maraɗi a kan babur, daga wajen Jiratawa har Madarunfa da Ɗan Isa, yana sayar da kartushi cikin kwalaye masu kyan gani. Cewa yake kayan Faransa ne, an yi su musamman don tsofaffin bindigogi. Yana kuma tallarsu a WhatsApp, ya ce a tura rabin kuɗi ya kawo har gida. Sunan da yake bayarwa yana canzawa daga gari zuwa gari, lambar wayarsa ma haka, saboda haka ku gane shi ta hanyar cinikinsa.

Ga yadda yake yi. Zai ce a ɗauko bindigar, ya karya ta, ya zura kartushi biyu, ya rufe ta ƙas, ya miƙa wa mai ita: "Baba, ka gani da idonka, sun zauna daram. In da ba nata ba ne ai ba za ta rufu ba." Da wannan maganar yake cin kasuwarsa, kuma ƙarya ce mai iya cire wa mutum yatsu.

Lambar da ake rubutawa a jikin kartushi, 65 ko 70 ko 76, tsawonsa ne a milimita bayan an harba shi, bakinsa ya buɗe ya miƙe. Kafin a harba, bakin a naɗe yake ciki, kamar buhun gero da aka ɗaure, sai an kwance shi ake ganin ainihin tsawonsa. Kartushin 70 da ba a harba ba bai kai milimita 65 ba. Don haka zai shiga bindigar da aka yi wa gurbin 65, wato mazaunin kartushi mai tsawon milimita 65, ba tare da gardama ba, ta kuma rufu lafiya. Sai an ja kunama bakin ya nemi wurin buɗewa ya rasa, ya buɗe cikin inda bututun ya fara tsukewa, dalma da toshiyar da ke tsakaninta da albarushi su matsu a ƙaramar hanya, ƙarfin albarushi ya ƙaru a kan ƙarfen da ya riga ya tsufa. Ba lallai ta fashe a harbin farko ba, shi ya sa mutane ke sakin jiki. Za ka ji dai tana dukan kafaɗa fiye da yadda ka saba, kwanson ya fito da baki a yayyage, a hankali makullin ya fara lilo.

Yawancin masu baki biyun da ke hannun dattawanmu ƴan Saint-Étienne ta Faransa ne, irin su Robust ta kamfanin Manufrance wadda aka fara ƙerawa a 1913, sai na Liège a Beljiyam, sai Baikal ta Rasha da ta zo daga baya. Da yawa cikin tsofaffin na Faransa da Beljiyam gurbin 65 gare su, musamman kalibar 16 (kaliba ita ce lambar faɗin bututu). Ba sai an tambayi kowa ba, bindigar da kanta tana faɗa. A cire katakon gaba, a raba bututun da gindi, a juya shi, a goge ƙasansa da tsumma mai ɗan mai. Nan hatiman gidan gwajin bindigogi suke. A ta Faransa za a ga 65 ko 70, da wata lamba kamar 18,4 wadda faɗin ramin kalibar 12 ce a milimita, da haruffan PT idan an gwada ta da albarushi mara hayaƙi. A ta Beljiyam akwai ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai, galibi da 12-65 ko 12-70 a kusa. Wadda jikin bututunta ke da zane a murɗe, wato damas, don baƙin albarushi aka yi ta, kada kartushin zamani ya kusance ta ko da kuwa tsawon ya yi daidai. Ni a ganina irin wannan a rataye ta a ɗaki don tunawa da mai ita ya fi.

Tsawo ma kaɗan ne daga cikin ta'asar mutumin nan. Na riƙe kwali guda daga cikin kayansa, na zazzage shi a kan tabarma. A bayan kwalin an manna takarda mai 12/65, wato kalibar 12 tsawo 65, amma abin da ke ciki tsofaffin kwansuna ne da aka tsinto aka sake cikawa: ja da kore da baƙi duk a kwali ɗaya, wasu an kankare lambar jikinsu da reza, guda biyu kuwa 76 na nan ɓaro-ɓaro an manta ba a goge ba. Bakunansu da tabon ƙuna, an liƙe su da kakin kyandir. Ƙwayar tsakiyar gindi, inda allura ke bugawa, a wasu ta turo waje, a wasu ta nutse. Na kara mayen ƙarfe a gaban kartushin, wajen da dalma ke zama, ya kama shi caraf. (Kada a gwada a gindi, don gindin yawancin kartushin zamani ƙarfe ne aka shafa wa ruwan tagulla, zai kama ko na kirki ne.) Da aka yanka guda, ƙwayoyin boris ne da guntayen ƙusa. Dalma tana da taushi, tana lanƙwasa ta wuce matsatsin bakin bututu. Ƙarfe ba ya lanƙwasa, sai ya karce cikin bututun ko ya kumbura shi dab da baki. A Turai ma bindigar da aka gwada don ƙwayar ƙarfe mai ƙarfi hatimin furen lis, wani fure mai kunne uku, ake buga mata, kuma ba za ka same shi a bindigar kakanka ba.

Albarushin kuwa Allah kaɗai ya san irinsa da yawansa. Ƙa'idar gidajen gwaji na Turai ta tsayar da ƙarfin kartushin 12/70 na yau da kullum a bar 740, na 76 kuma bar 1050 (bar shi ne ma'aunin matsi). Wanda ke awo da murfin kwalba bai san ko nawa ya zuba ba. Wani ya yi yawa, wani ya yi kaɗan, kuma mai kaɗan ɗin ba ya fi aminci ba: sai ya yi ƙara fus, toshiyar ta maƙale a tsakiyar bututu, harbin da ya biyo ya tarar da hanya a rufe.

Abin da ya sami ɗan wani dattijo maƙwabcin ƙanen mahaifina ke nan. Yaron ya fita neman zabin daji da Robust ɗin ubansa, harbin farko ya yi sanyi, ya sake ɗurawa bai leƙa ba. Bututun dama ya tsage daidai inda hannun hagu ke riƙo, katakon gaba ya dare biyu. An ɗinke tafin hannun a asibiti, yatsa biyu har yanzu ba sa lanƙwasa. Da na je dubiya, tsohon ya ce mini, "Ɗana, tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." Na ce, "Haka ne Baba, amma wannan tsautsayin a kwali aka kawo maka shi, kuma wanda ya kawo yana can yana kai wa wasu." Bindigar da ta yi shekaru tana ciyar da gida ta tashi aiki, an kira lambar mai kayan an ji ta a kashe.

Na san abin da ke tura mutane hannunsa. Kartushin 65 ya yi wuyar samu, na kalibar 16 ya fi wuya, shi kuma yana karya farashi, kuma ba ya tambayar takarda. Rashin tambayar takardar nan ita ma masifa ce. Da halin da ake ciki na ƴan bindiga a iyakar Madarunfa da Gidan Rumji, wanda aka tare a hanya da harsashin da ba zai iya faɗin inda ya samo ba, shi zai kwana a hannun jandarma, mai babur yana gidansa. Farauta a Nijar tana ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta shekarar 1998, akwai izinin riƙe bindiga, akwai na farauta daga ma'aikatan gandun daji. Mai takardunsa ya sayi kartushi wurin wanda hukuma ta yarda ya sayar, ya karɓi rasit. Ga tsohuwar bindiga mai gurbin 65, a nemi na 65 ko abin da bai kai ba, mai ƙwayar dalma, mai nauyin giram 24 zuwa 28. Wannan ya ishi zabo da zomo da kurciya. Masu giram 36 da masu ƙarfin nan da ake kira magnum ba nata ba ne. In ba a samu ba a haƙura da fita.

Wanda ya riga ya saya, kada ya ce bari ya gwada guda ya gani, kada ya jefa su a wuta ko a bola inda yara ke tone-tone. Ya haɗa su da kwalinsu, da lambar da aka kira shi da ita, da shaidar tura kuɗi idan akwai, ya sami maigari ko sarkin baka su raka shi jandarmeri. Wanda kuma ya riga ya harba, ya cire bututun ya ɗaga shi wajen haske ya leƙa ciki, ya bi bayansa da yatsu a hankali daga gindi har baki. Idan ya ji tudu ko ya ga zobe mai duhu a ciki, ko ya rufe bindigar ya girgiza ya ji tana motsi a mahaɗa, kada a sake ɗura mata komai sai ƙwararren mai gyaran bindiga ya duba ta. A karanta wa dattawan da ba su da waya wannan saƙon, don su ya fi nema.