Hattara da masu tallar tsohuwar taransimita da "eriyar ɓoye"

'Yan'uwa masu rediyon sha'awa, wato masu lasisin magana da juna ta rediyo ba don kasuwanci ba, musamman waɗanda ba su daɗe da karɓar lasisin ba, akwai damfarar da ke yawo a intanet, kuma masu yin ta sun san harkar nan ciki da waje, shi ya sa take cin mutane.

Kai ne ma kake buɗe musu ƙofa. Ka sa cigiya cewa kana neman tsohuwar taransimita, wato na'urar aika saƙon rediyo, irin su Collins KWM-2 ko Heathkit DX-100 ko Johnson Viking Ranger, ba a jima ba sai saƙo ya shigo: "Ni ba ni da ita, amma wani abokina yana da guda, ga imel ɗinsa." Abokin nan shi ne dai mai saƙon. Zai turo hotuna masu ɗaukar ido da ya kwaso daga tsohon tallan wani, ya haɗa da lambar kira, wato lambar shaidar da ake bai wa mai lasisi. In ka duba lambar a QRZ, shafin intanet da ke jera lambobin kira, za ka same ta da suna da komai, sai dai ta wani bawan Allah ce da bai san wainar da ake toyawa ba, wani lokacin ma mai ita ya rasu. Daga nan sai labari: kayan marigayi mahaifinsa ne, bai san darajarsu ba, akwai wani mai so, ka hanzarta. Kuɗin kuwa ta katin kyauta zai nema, ko Western Union, ko PayPal ta ɓangaren dangi da abokai, inda mai saye ba shi da wata kariya. DX-100 nauyinta ya kai wajen kilo 45. Duk wanda ya ce zai aiko maka da ita kyauta ko a kuɗin aike kaɗan, bai taɓa ɗaga ta ba.

Wanda ya fi wannan ba ni tsoro shi ne mai aiko da kayan da gaske, ya rubuta "an gyara ta tsaf". Gyaran nasa bai wuce goge fuska da sa sabon fenti ba. KWM-2 ta fito a 1959, DX-100 ma ta girme ta. Na'urar da ta kai waɗannan shekaru, kafasitocin (sassan da ke ajiye caji) da ke tace wutarta sun bushe, na takarda sun fara zubar da wuta, resistoci (sassan da ke rage gudun wuta) sun kauce daga ƙimarsu ta asali. Mai gyaran gaskiya yakan sauya su, ya sa igiyar wuta mai wayar ƙasa, ya auna bawuloli, wato bututun gilashin da ke ƙara ƙarfin sigina, irin su 6146, sannan ya tashe ta a hankali da taransifoma mai ƙara wuta kaɗan-kaɗan ko ta hanyar jera ƙwan fitila a layin. Shi kuwa ɗan algus sai ya jona ta a bango, fitilun fuska suka kama, ya ɗauki hoto. Kamawar fitila ba ta nuna komai. Wutar da ke zuwa ga bawulolin ƙarshe tana kaiwa bolt 800, kuma in resistan da ke sauke cajin ya yanke, kafasita na iya riƙe wutar bayan an kashe na'urar. Wannan kashe mutum take yi, ba wasa ba.

Kafin ka biya ko kwabo, ka ce wa mai sayarwa ya kifa na'urar ya ɗauki hoton ƙarƙashinta, da takarda a gefe da ya rubuta kwanan wata da wata kalma da kai ka zaɓa. Ka nemi bidiyonta tana fitar da wuta a ma'aunin wat. Ka tuntuɓi mai lambar kiran ta adireshin da ke rajista, ba wanda aka turo maka ba. Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan, masu gyara ma son nuna aikinsu suke yi.

Sai batun eriya. A Amurka unguwanni da yawa suna ƙarƙashin ƙungiyar masu gidaje, kuma yarjejeniyar da mutum ya sa wa hannu lokacin sayen gida takan hana kafa eriya a waje. Nan masu tallar "eriyar ɓoye", wadda maƙwabta ba za su gani ba, suka samu kasuwa. Za su nuna maka ɗan akwati ko sanda da bai kai tsawon hannu ba, su ce yana aiki a dukkan zangunan rediyo ba tare da saiti ba, ga kuma ma'aunin SWR, mai auna dacewar eriya da taransimita, yana nuna cikakkiyar dacewa ta kusan 1:1 ko'ina. Resista mai om 50 shi ma haka yake nunawa, don shanye wutar yake yi ya mai da ita zafi. Eriyar waya mai rabin zango ta mita 40 tsawonta wajen mita 20 ne, ta mita 20 kuma wajen mita 10. Ana iya ƙanƙanta eriya, amma sai an biya da wani abu. Eriyar zobe mai faɗin mita guda tana aiki da gaske, sai dai da ka matsa kaɗan a zango sai ka sake saiti, kuma kafasitarta na ɗaukar dubban bolt. Mai tallan da bai faɗi aibin kayansa ko ɗaya ba, ka tambaye shi abin da ke cikin akwatin.

Wasunsu har doka suke ja, wai hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta hana kowa taɓa eriyarka. Hukuncin da FCC ta yi a 1985 kan eriya, mai suna PRB-1, ya shafi dokokin jihohi da ƙananan hukumomi ne, bai shafi yarjejeniyar masu gidaje ba. Ƙa'idar FCC ta 1996 kuma eriyar talabijin da ƙaramin farantin tauraron ɗan adam ta kare, ba ta masu rediyon sha'awa ba. Ƙudurin kare eriya daga irin wannan yarjejeniya, wanda ARRL, ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Amurka, ta mara wa baya, ya wuce Majalisar Wakilai a 2016, amma ya maƙale a Majalisar Dattawa. In ƙungiyar unguwa ta ci ka tara, mai tallan ba zai amsa kiranka ba.

Da ka ba su kuɗinka, gara ka sayi siririyar waya mai duhun launi ka shimfiɗa a ƙarƙashin rufi ko gefen katanga, ko ka nemi izini a rubuce na kafa sandar tuta mai aikin eriya, ka haɗa da na'urar saiti. In kuma sun riga sun karɓe maka kuɗi, ka ajiye saƙonnin duka, ka kai ƙara wurin kamfanin da ka biya ta hanyarsa nan take, sannan ka sanar da mai lambar kiran cewa ana cin amana da sunansa.