Dashen haƙori, gada ko haƙorin roba: amsa ga Hajiyar da aka cire wa turmi

Hajiya, barka da warhaka. Kin ce an cire miki turmi ɗaya na ƙasa bara, kina fama da ciwon suga, likita kuma ya ba ki zaɓi uku: dashe, gada, ko haƙorin roba mai cirewa. Na san kuɗi ne farkon abin da kowa zai kawo miki a nan, amma abin da zai raba gardamar tukuna shi ne lafiyar haƙora biyun da ke gefen giɓin, da ƙashin da ke ƙarƙashinsa.

Dashe shi ne a yi miki allurar kashe zafi, a huda ƙashin muƙamuƙi, a ɗaura ɗan ƙarfen titaniyam mai siffar noti ya zama saiwa. Daga nan sai jira, galibi wata 3 zuwa 6, har ƙashi ya kama ƙarfen gam, sannan a ɗora kan haƙorin a sama. Aikin ya daɗe a duniya, domin wani likita ɗan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, ya fara yi wa mutum shi tun 1965. Alherinsa biyu ne. Ba a taɓa maƙwabtan haƙora ko kaɗan. Sannan ƙashin muƙamuƙi, da zarar an cire haƙori ya daina samun nauyin tauna, sai ya fara zaizayewa, musamman a shekarar farko. Dashe ne kaɗai cikin ukun ke mayar masa da wannan nauyin. Shi ya sa nake cewa kada ki ja lokaci. Idan ƙashin ya yi siriri da yawa, sai an yi ƙarinsa kafin a dasa, kuɗi da watanni su ƙaru.

Gada kuwa ba ta bukatar tiyata, kuma cikin mako biyu ko uku an gama. Ana goge haƙorin gaba da na bayan giɓin a rage musu jiki, a sa musu hula, haƙorin ƙarya na tsakiya ya rataya a kansu. Tauna lafiya lau, tana nan daram, ba cirewa. Matsalar ita ce abin da aka goge ba ya dawowa. In haƙoran nan biyu lafiyayyu ne, kin taɓa masu lafiya biyu don ki gyara gurbi ɗaya, kamar a rushe katangar maƙwabta don a toshe ƙofa. Abinci kuma yana maƙalewa a ƙarƙashinta, inda aswaki da buroshi ba sa kaiwa, sai da zaren sakace na musamman. Yawanci bayan shekara goma ko sama da haka ana bukatar sake ta. Amma in dama can maƙwabtan sun ruɓe ko suna ɗauke da babban ciko, hular za ta amfane su, a nan gada ta fi dacewa.

Haƙorin roba shi ne mafi araha, nesa ba kusa ba. Ana cirewa da dare a wanke a jiƙa a ruwa. Yana rufe giɓi, yana hana sauran haƙora karkacewa zuwa gurbin, sai dai kilishi da rake ba nasa ba ne, kuma yayin da dasashi ke lotsawa yakan fara girgiɗi. Wasu kan ambaci haƙorin Makka. Wancan galibi hula ce ta ado a kan haƙorin da ke nan, ba ya maye turmin da aka cire.

Maganar suga ita ce babba a wajenki. Ciwon ba ya hana dashe, amma sugan da ba a shawo kansa ba yana jinkirta warkewar rauni, yana kawo ciwon dasashi, ƙarfen ya ƙi kamawa. Likitan kirki zai nemi gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda sugan ya kasance cikin kusan wata uku, da hoton ƙashin muƙamuƙi, kafin ya ce miki eh. Wanda ya ce ki kwanta a yi yau ba tare da waɗannan ba, ki ɗauki mayafinki ki fito. Maza masu karantawa, taba sigari ma tana cikin manyan abubuwan da ke kayar da dashe.

Da ni ce ke, in maƙwabtan lafiyarsu ƙalau, zan sa na roba yanzu ya riƙe gurbin, in daidaita suga, in tara kuɗin dashe. Tsadarsa ta ninka ta sauran, tunda kayan daga waje ake shigo da su, farashi na bin dala. Ki fara zuwa sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala a duba ki a ɗauki hoto. In asibitin kuɗi kika zaɓa, ki tabbatar likitan yana da rajista da MDCN, wato hukumar kula da likitoci da likitocin haƙori ta Najeriya, ki kuma tambaya ko kuɗin da aka yanka miki ya haɗa da kan haƙorin, domin wasu na ƙarfen kaɗai suke faɗa.