Injin juya katako a Legas: sayi wanda zai gyaru, ba wanda ke sheƙi ba

Duk mai son ajiye injin juya katako a gida, ko don ƙafafun tebur da kujera ko sandunan bene, a Legas ɗin nan zaɓi uku ne gabansa: sabon ɗan Chana, ƙirar masu walda, ko tsohon tokumbo mai gangar jikin ƙarfen zubi. Ni dai ba ɓoye-ɓoye, tokumbo nake so, kuma dalilina gyara ne, domin kowane inji sai ya lalace wata rana.

Sabon ɗan Chana mai araha, irin wanda gadonsa, wato doguwar gangar da sauran sassan ke zaune a kai, bututu ne ko falankin ƙarfe, kyan kallo kawai gare shi, ka ɗora masa guntun katakon iroko mara daidaito sai ya fara rawa a kan benci. Na masu walda kuwa sa'a ce, in ka dace da gwani ka more, in ba haka ba kai da wutsiya, wato ɓangarori biyun da ke riƙe katakon ta gaba da ta baya, ba za su taɓa kallon juna ba.

Tokumbo fa? Nauyinsa shi ne amfaninsa, ƙarfen zubi yana shanye girgiza, kuma abubuwan da ke mutuwa a jikinsa ba su da yawa: boris da shaf ke juyawa a cikinsa, bel, kafasita mai tayar da motar injin, sai makunni. Duk ana samunsu a kasuwa, ba sai ka jira kaya daga waje ba. Amma malam kar ka biya sai ka gwada. Ka jawo wutsiya har tsininta ya kusa taɓa tsinin kai, dole baki ya haɗu da baki, in ɗaya ya kauce to akwai matsala. Ka kama shaf ɗin ka jijjiga sama da ƙasa, in ka ji ƙwas-ƙwas boris ya tafi, wannan ba abin tsoro ba ne, ragin kuɗi za ka nema. Abin gudu shi ne tsagewa a jikin ƙarfen zubin, don waldarsa wahala ce, kuma masu sayarwa sun iya shafe ta da sabon fenti, saboda haka in ka ga tsohon inji yana ƙyalli kamar angon jiya, ka kankare fentin wajen wuyan kai ka duba.

Sai batun wuta. Tamu volt 230 ce a kan 50Hz, na Amurka kuwa yawanci 120 ne a kan 60Hz, wato sai ka haɗa da taransifoma, kuma gudun motar injin zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida. Na Ingila ko Jamus ya fi sauƙi, amma ka karanta farantin jikin motar, kar a haɗa ka da mai cin wuta layi uku alhali gidanka layi ɗaya ne. Zaren bakin shaf, inda ake murɗa kan riƙe katako, shi ma ka tambaya, na Turai da yawa M33 ne, ƙananan na Amurka inci 1 mai zare 8, in aka ba ka kan riƙe katako da bai dace da zaren ba ka sayi ƙarfen banza.

To yanzu mu zo kan boris, don nan ne ake yanka mutane. An taɓa sayar mini da guda biyu a kwali mai kyau da sunan babban kamfani a jiki, mai shagon har da rantsuwa, na ɗaura, ba a jima ba kan injin ya fara zafi yana kuka, ƙwaryar da nake juyawa duk ta yi layi-layi. Da na ciro na ɓalle murfin, giris ɗin ciki baƙi ne wuluk, ashe tsohon boris ne aka wanke da fetur aka sake naɗewa. Jabun boris na manyan kamfanoni irin SKF da NSK da FAG sun cika gari wallahi, kuma kwalin jabu wani lokaci har ya fi na gaske kyau. Ka tafi da tsohon naka a hannu, ka karanta lambar da kanka, misali 6205 raminsa milimita 25 ne, faɗinsa 52, kaurinsa 15, in da abin awo ka auna a gabansa. Ka nemi mai 2RS a ƙarshen lamba, wato mai murfin roba, ya fi ZZ mai murfin ƙarfe tare ƙurar katako. Ka juya shi kusa da kunne, sabo na gaske shiru yake da ɗan nauyin giris, wanda ke ta gudu fir-fir ba ya tsayawa a bushe yake. SKF ma suna da manhajar waya da ake tura hoto su duba ko nasu ne. Kuma in aka ce maka "oga akwai na ɗaya akwai na biyu", ka san na biyun jabu ne aka yi masa suna mai daɗi. Wajen ɗaurawa kar ka bari yaro ya buga shi da guduma kai tsaye, a sa bututu a kan zoben da ake tusawa.

Haka masu naɗin koyil na motar injin, wasu sai su sa wayar alminiyam mai launin jan ƙarfe su karɓi kuɗin tagulla. Ka kankare bakin wayar, in fari ya bayyana ka ɗauki motarka ka tafi. Kafin ma a kai ga naɗi, in motar tana gurnani ba ta tashi sai ka tura da hannu, yawanci kafasita ce kawai.

Tsatsa kuma dole, iskar Legas da damina ba ta barin ƙarfe. Katakon kasuwa sau da yawa da danshinsa yake zuwa, in ka bar ɓawonsa ya kwana a kan gado da safe za ka tarar da ja. Ka share, ka goge da sanfefa mai laushi, ka shafa kakin goge katako maimakon baƙin mai, don mai yana tara ƙura kuma yana sa wutsiya ta riƙa zamewa lokacin aiki.