Zoɓo, Aya da Tulun Maƙwabcina: Saƙo daga Mancesta

Yaya, assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, ya jikin Inna? Ki gaishe min da ita da kyau, da yara baki ɗaya.

Kin tambaye ni ko ina samun abin sha irin na gida a nan. Ina samu, amma sai na haɗa da hannuna, kuma lissafin kayan a juye yake da namu. Abin da muke gani na masu hali ne a Kano, shi ne na talaka a Ingila. Tuffa, inabi, lemo, abarba, ga su nan jibge a kantunan Aldi da Lidl ko tsakiyar hunturu. Kilo ɗaya na sukari bai wuce fam ɗaya da 'yan canji ba. Ruwan famfo ana sha kai tsaye, na Mancesta ma daga tafkunan arewacin ƙasar ake janyo shi, ga daɗin baki. Ba a ɗauke wuta, don haka tun da na zo ban nemi mai ƙanƙara ba.

Zoɓo kuwa shi ne ɗan sarki. A manyan kantuna sai dai ki gan shi cikin 'yan ƙunshin shayi, an gauraya shi da wasu ganyaye har ƙarfinsa ya mutu. Na gaskiya sai na hau bas zuwa unguwar Cheetham Hill ko Longsight, shagunan 'yan Pakistan da na 'yan Afirka. Ranar farko na ce zoɓo, mai shagon bai gane ba, sai wata tsohuwa 'yar Jamaika ta nuna min shi, ta ce su "sorrel" suke ce masa, da Kirsimeti suke dafa shi da citta. 'Yan Sudan da Masar karkade suke cewa, 'yan Senegal bisap. Na riƙe 'yar ledar da ba ta kai rabin gwangwani ba ina tuna buhunan Dawanau da ake lodawa a tirela. Aya ta fi shi tsada. A kantin kayan gina jiki ake sayar da ita, wata daga Sifaniya take zuwa, inda manoman Balensiya suke nomanta suna yin nasu kunun ayan mai suna "horchata". Kuɗin ƙunshi guda zai saya miki mudu da yawa a Rimi. Shi ya sa nake ƙara dabino da kwakwa don ta auka.

Abin da ya fi tsaya min a rai dai wurin maƙwabcina na gan shi. Dattijo ne da ya yi ritaya, mutumin kirki, shi yake fitar min da kwandon shara ranar da na yi aikin dare. Wata Asabar muka haɗu a kanti, kekensa cike da kwalayen ruwan tuffa da na inabi mafi araha, da sukari. Na zaci jikoki ne za su zo. Ya ce a'a, giya yake haɗawa a gida, don ta kanti haraji ya yi mata yawa, kuma doka ba ta hana mutum ya yi ta shansa ba matuƙar ba sayarwa zai yi ba. Ya san ba na sha, bai taɓa yi min tayi ba. Amma na nemi ya nuna min, don raina ya ba ni akwai abin da ya kamata in sani.

Tulu ne na gilas mai cin lita huɗu da rabi, ya ce kwalba shida yake samu a ciki. Ruwan 'ya'yan itace, sukari, ɗan yis, shi ke nan. A bakin tulun akwai wani lanƙwasasshen bututu da ruwa a ciki, iska tana fita ɓul-ɓul, ta waje ba ta shiga. Yis ɗin yana cin sukarin, yana mayar da shi barasa da iska, a bar shi makonni a wuri mai ɗumi. A watan Agusta da Satumba ma ba ya sayen komai sai sukari, baƙaƙen 'ya'yan ƙaya yake tsinkowa kyauta a bakin hanyar ruwa.

Yaya, jikina ya yi sanyi. Ban da yis, duk abin da ke cikin tulun nan akwai irinsa a tukunyar zoɓona. Da na faɗa masa haka sai ya ce ai ko ba a zuba ba, akwai yis a jikin ɓawon 'ya'yan itace da cikin iska. Mu kuwa ɓawon abarba muke jefawa. Kin tuna goran zoɓon da kan kwana biyu a zafi, ya kumbura, a buɗe ya yi tsit yana kumfa, mu ce ya juya? Farkon wannan hanyar ce. Nan take na tuno karatun Islamiyya, hadisin Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi ya sha ranar da washegari, zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage a bayar ko a zubar. Da ina ganin hukunci ne kawai, sai ga dalilinsa ina kallo a kicin ɗin Bature.

Yanzu ɓawon abarba tare da zoɓon nake tafasa shi, da citta da kanumfari. In tace, ya huce, ya wuce firij, kuma ba na yin wanda ya fi na kwana biyu. Kunun aya ranar da na markaɗa nake shanye shi. Ke da kike yi na sayarwa ga zafin Kano ga rashin wuta, don Allah ki rage yawan da kike dafawa a lokaci guda, kuma ki riƙa wanke gorunan da ruwan zafi.

A kanti ma sai da karatu. Abin da suke kira "cider" a nan giyar tuffa ce, kwalbarta kamar ta lemo. "Ginger beer" yawanci lemon citta ne kawai, amma akwai mai barasa, don haka duk kwalbar da na ɗauka sai na juya bayanta. Ran Lahadi kuma manyan kantuna awa shida kacal suke buɗewa, da la'asar sun rufe, sai na saba yin cefane tun Asabar.

In kin sami mai zuwa, ki aiko min da zoɓo mai duhun nan tiya ɗaya, da busasshiyar aya da kanumfari. Kada ki sa kilishi, ba a shigowa da nama, a filin jirgi za su karɓe. Ki ce wa Inna ta ci gaba da sa ni a addu'a.

Ƙanwarki.