Shagon da na sayi kayan haɗa wain na gida mara giya a Gusau

Tun ranar sunan ɗiyar ƙanwata mutane ke ta tambayata wai mi munka zuba a kofunan nan masu dogon wuya, wasu har sun ɗauka irin wain ɗin kwalba ne mara giya da ake sayowa supamaket. To ba shi ba ne, ni na haɗa shi da hannuna, kuma rabin kayan daga wani shago na saye su nan Gusau ta wajen Tudun Wada, shi nake son in yi magana a kai don akwai abin yabo akwai kuma inda ban ji daɗi ba.

Da farko niyyata in ɗauki katan biyu na wain ɗin kwalba ne. Da na shiga na duba farashi na lissafa matan da za su zo, dangin miji kaɗai sun fi arba'in, sai jikina ya yi sanyi, kwalba ɗaya ba ta wuce kofi biyar in an zuba da mutunci. Ina tsaye ina juya kwalbar ina neman lambar NAFDAC da wurin da anka rubuta babu barasa, sai yaron shagon ya matso ya ce Hajiya in taro ne babba ki haɗa naki mana, ga zabibi can ga kirfa. Na ce ɗana kai da ya kamata ka tallata mani mai tsada? Ya yi dariya ya ce ai gobe ma rana ce Hajiya. Wallahi wanga abu shi ya fara sa shagon ya shiga raina.

Abin da na ɗauka wurinsu: zabibi baƙi leda huɗu, ruwan inabi na kwali lita biyu, kirfa, suga, da ruwan soda. Zabibin nan kam ba ni da abin cewa, mai laushi ne ba yashi, ba irin wanda ya daɗe ya bushe ya koma kamar tsakuwa ba. Na jiƙa shi da ruwan ɗumi awa biyu ya kumbura, na markaɗa a bilenda na tace da rariyar laushi, shi ne ya ba abin wannan nauyin a baki da zoɓo zalla ba ya da shi. Kirfarsu ma sanda ce ba gari ba, kina buɗe ledar ƙamshi ke dukan hancinki.

Amma zoɓo kada ki saya can. Suna da shi cikin 'yar leda mai kyau da hoto, kuɗin leda biyu ya kusa sayen rabin tiya a kasuwa, ga shi ja ne mai haske, ni kuma baƙin nake so, wanda Inna ke ce ma soɓorodo na ƙwarai, wanda in ya dahu kalar shi ke komawa kamar jinin kare. Citta da kanumfari ma kasuwa na tafi. Abarba ce inda na yi kuskure na ɗauki biyu a shagon saboda na gaji da yawo, da na zo gida na yanka sai na iske ɗaya cikinta ya fara ruwa-ruwa yana tsami. Sun ajiye ta kusa da gilashin ƙofa inda rana ke bugu, wannan sakaci ne kuma na faɗa ma mai shagon da na koma, bai yi gardama ba ya ba ni wata.

Yadda na haɗa ba wuya. Rabin tiya na zoɓo na wanke sau uku saboda ƙasa, na zuba cikin ruwa lita 12 da ɓawon abarba da anka goge sosai, citta dakakkiya, kanumfari kaɗan don in ya yi yawa ɗaci yake, sandar kirfa biyu. Ya tafasa kamar minti ashirin na sauke na rufe har ya huce. Bayan na tace sannan na sa suga da ruwan zabibin da na inabi. Ban sa kanwa ba duk da Gwaggo ta matsa mani wai tana kashe tsami, ni tsamin nan nake so. Soda kuwa sai lokacin zubawa a kofi, in kin sa tun da wuri gas ɗin ya tafi. Duka abin da na kashe bai kai kuɗin katan ɗaya na kwalba ba, kuma har maƙwabta an kai ma.

Sai dai akwai abin da dole in faɗa, don Allah ku kula. Jarka ɗaya ta rage anka tura ta ɗakin ajiya anka manta, ga watan Afrilu, kun san zafin Gusau, ga an ɗauke wuta. Kwana uku na je ɗauko shinkafa na ga jarkar ta kumbura kamar za ta fashe, ina sassauta murfin ta yi tsiii, kumfa ya taso, warin ma ya canza ba na zoɓo ba ne kuma. Gabana ya faɗi. Abin da ke faruwa shi ne akwai yis a jikin ɓawon 'ya'yan itace da cikin iska, in ya samu suga da ɗumi sai ya cinye sugan ya fitar da gas da barasa, haka ake yin giyar inabi tun asali, ba sai an zuba wani abu ba. Shi ya sa malamai ke cewa jiƙon dabino ko zabibi kada ya wuce kwana uku, nan kuwa da zafinmu ko kwana biyu ban yarda ba in babu firji ko ƙanƙara. Na tuntsurar da ita duka a makwarara na wanke jarkar da ruwan zafi, ban bari ko yara sun ɗanɗana ba.

Shagon yana da tsabta, na'urar POS ɗinsu na aiki, kuma ba su hana ka tsaya ka karanta ranar lalacewar kaya, wanda ni kwali ɗaya ba na ɗauka sai na duba. Wurin ajiye mota ne ƙarami, da yamma bayan la'asar sai kin sha wuya, gara ki je da hantsi. Bikin ɗan yayata na nan tafe bayan Sallah, na riga na ce ma yaron ya ajiye mani zabibi leda goma, abarba kuwa wajen masu baro zan saya in zaɓa da kaina.